Ƙofar Hajiya Mariama

Jiya wata yarinya ta tare ni a bakin lif, ko wata uku ba ta yi da sauka Dubai ba, wai in sama mata aiki irin nawa. Na ce wane iri? Ta ce, "Wannan na zama da marasa lafiya a cikin esi, ana kallon talabijin." Ita ce ta huɗu a watan nan. Na gaji da maimaita magana ɗaya a tsaye, shi ya sa na zauna na rubuta. Duk wadda ta ƙara tambayata zan miƙa mata takardar nan. In ta karanta har ƙarshe kuma tana so, sai mu yi magana.

Sana'ata jinyar masu ciwon daji. Ni ba nas ba ce, ba na allura, ba na rubuta magani. Sakandare na gama a Kano na tsaya. Yadda abin yake, asibiti za ta sa wa mutum kemo, wato maganin nan mai ƙarfi da ake ɗurawa ta ƙarin ruwa, ta sallame shi a ranar, ta ce ya dawo bayan sati uku. To wannan sati ukun wa zai riƙe shi, har ya kai ranar komawa da ƙafarsa? Nan gurbina yake. Likita na ganinsa minti goma. Ni ina ganinsa kwana ashirin da ɗaya.

Ba da niyyar wannan na zo ba. A 2002 na sauka wajen yayata da mijinta a Naif, unguwar 'yan kasuwa a nan Dubai, aikina ɗaurin kaya: takalma, jakunkuna, abaya, a naɗe da salatif, a rubuta sunan mai shi, a kai kago. Wata rana aka ce ana neman mai jin Turanci ta raka wata baƙuwa asibiti, aka tura ni. Da aka kira sunanta na zura hannu ta hammatarta zan ɗaga ta daga kujera, sai na ji an daka mini tsawa da Hausa, a tsakiyar Larabawa da Indiyawa.

"Ke! Buhun shinkafa kika samu?"

Wata gajeriyar mata ce mai tabarau. Ta zo ta ɓamɓare hannuna. "An yi mata aiki a wannan gefen. Wannan hannun ba a jan sa, ba a ɗaure shi a auna jini, ba a soka masa allura. In ya kumbura, ke za ki sa ya sace?" Na ce ni ban sani ba. Ta ce, "To wanda bai sani ba a aljihu yake ajiye hannunsa." Ita ce Anti Rifkatu, mutuniyar Kafanchan. Ta yi shekaru a asibitin mishan a gida kafin ta zo nan tana jinya gida-gida. Na ji haushinta ƙwarai. Bayan sati biyu na nemo lambarta na ce ta koya mini, don ɗaurin kaya ya ishe ni, kuma na tsani a ce ban iya abu ba.

Satin farko ban taɓa mara lafiya ba. Hannu kawai nake wankewa, tana tsaye a kaina tana cewa sake. Ta sa na yanke farce, na cire zobba, na daina fesa turare, don ƙamshin da kike ganin gayu ne shi ke tayar da zuciyar mai kemo. Wata takwas ina ɗaukar mata jaka. Irin jakar nake riƙewa har yau: ma'aunin zafi guda biyu, saboda ɗaya zai mutu miki ranar da kike buƙatarsa, sabulun ruwa, safar hannu, takunkumin rufe hanci, buroshin haƙori na jarirai, don bakin mai kemo yana salewa, buroshin manya jini yake fitarwa, bokiti mai murfi, da wata ɗamara mai faɗi da ake ɗaura wa mara lafiya a ƙugu.

Ɗamarar nan a kan wata malamar makaranta daga Gusau na koyi aikinta. Maganin ya kashe mata jin tafin ƙafa. Tana tafe silifas ɗinta ya zame ya tsaya a baya, ita ba ta sani ba. Anti ta ce, "Ƙafa ita ke gaya wa kai inda ƙasa take. In ta yi shiru, ido ne zai karɓi aikin." Sai muka naɗe duk wata darduma da ke ɗakin, muka saya mata takalmi mai maɗauri, muka koya mata kallon ƙafarta in za ta taka. Ke kuma kina bayanta, hannunki a ɗamara, ba ki ja ba, ba ki tura ba. Mu Hausawa in muka ga mutum yana tangaɗi sai mu rungume shi mu yi masa tafiyar. Sati biyu kika yi wa mutum haka, kin kwantar da shi ke nan. Haƙurin barin mutum ya yi taku shida a minti biyar, ni da nake cin abinci a tsaye, shi ya fi komai ba ni wuya.

Amma babban aikin ba wannan ba ne, kuma shi ne wanda ba wadda take tambayata a kansa. Kemo ba ya bambance abokin gaba da ɗan gida. Yana kashe ƙwayoyin ciwon, yana haɗawa da fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne garkuwar jiki. Daga wajen kwana na bakwai zuwa na sha huɗu bayan an sa shi, jiki kamar gari ne da aka kwashe masa 'yan sanda. Murar da za ta sa ki atishawa biyu tana iya kai mai kemo ɗakin da ba a shiga. A kwanakin nan ba ɗanyen abu, ba abincin da ya kwana, ba taro. In ma'auni ya nuna talatin da takwas, ba a ba da maganin zazzaɓi a jira, asibiti ake tafiya a take. Na haddace wannan tas. Haddacewa daban, tsayawa a kai a gaban manya daban.

Hajiya Mariama ce aikina na farko ni kaɗai, ba Anti a bayana. Mutuniyar Maraɗi ce, mijinta Alhaji Lawali yana da ofishin kago a Naif, suna zaune a hawa na huɗu a wani bene a Al Rigga. An yi mata tiyatar sankarar mama, aka yanka mata kemo sau shida. Mace ce mai barkwanci. Ranar da gashinta ya fara zubewa ta ce in kira mata mai kitso ta zo ta ga yadda kasuwa ke mutuwa. Kuma kowa ya san ta, don kusan duk macen da ta zo saro daga Nijar a gidanta take fara cin tuwo. Sai ya zama kullum falon a cike: 'yan dubiya da kuloli, da ledoji, da 'ya'ya a goye. Ina ta bin su da sabulu suna yi mini dariya.

Kwana na tara bayan kemo na biyu, Hajiya Kande mai takalma ta zo. Ita ce babba a matan Kano masu saro, in ta yi magana a Naif ta zauna. Jirginta ya sauka da safe, ta zo da kula. Ta buɗe, sai ga fura, ga nono a jarka, tun daga gida. Hajiya Mariama kwana uku ke nan ba abin da ya zauna a cikinta. Tana jin ƙamshin ta miƙe zaune.

"Wayyo, fura! Zulai, dama mini."

Na ce, "Hajiya, nonon nan ba a dafa shi ba, kuma ya kwana a hanya."

Hajiya Kande ta dube ni sama da ƙasa. "Ke, 'yar nan, ba a gaya miki ba? Abin da ran mara lafiya ya so shi ne maganinsa. Da furar nan aka yaye ki, yau ita ce guba?"

Matan suka kwashe da dariya. Wata ta ce bokon Dubai ya fi na gida zafi. Hajiya Mariama ta kama gefen zanina. "Ludayi uku kawai, ƙanwata. Don Allah."

Kada wadda ta ce an fi ƙarfina. Ba wanda ya riƙe mini hannu. Ni na ɗauko kwano, ni na dama, har da sukari na sa. Ta sha rabin kwano, ta yi gyatsa, aka yi ta hamdala. Ni ma har na ji daɗi a raina, na ce ga shi ta ci abu.

Washegari bayan la'asar ta ce tana jin sanyi. Na auna, talatin da takwas da ɗigo shida. Na auna da ɗayan, haka. Kafin tasi ta kai mu asibiti haƙoranta na haɗuwa, cikinta ya ɓaci, ba ta gane ni sosai. Kwana tara ta yi a ɗakin da sai da riga da takunkumi ake shiga. Kemo na uku ya wuce ranarsa da kusan sati biyu.

Likitarta 'yar Sudan ce, ba ta ɗaga murya. Ta kira ni da Alhaji Lawali, ta tambayi abin da Hajiya ta ci, na faɗa. Ta ce ba za ta iya rantsewa furar ce ba, wataƙila tarin wani ne a cikin masu zuwa. Sannan ta ce in fassara wa Alhaji daidai, kada in sassauta: maganin nan an tsara shi ne ya riski ciwon kafin ya farfaɗo, duk jinkiri sarari ne aka ba shi. In irin wannan zazzaɓin ya sake zuwa, dole ta rage maganin ko ta tsayar, kuma ba ta da tabbacin jikin zai sake ɗauka. Na fassara. Da bakina na gaya wa mutum abin da hannuna ya jawo wa matarsa.

Na kira Anti Rifkatu ina jiran zagi. Ta ce, "Kin san dokar?" Na ce na sani. "To me ya hana ki?" Na ce kunya. Ta ce, "Kunyarki ba ta kwanta a gadon asibiti ba, Hajiya ce ta kwanta. Ki zaɓa, ko a ce kina da tarbiyya, ko matar nan ta sha maganinta sau shida." Ta kashe wayar.

Ranar da aka sallamo mu na karɓi mukullin gidan a hannun Alhaji. Na ce daga kwana na bakwai zuwa na sha huɗu ba mai shiga, shi ma in ya dawo daga Naif sai ya yi wanka ya sauya kaya kafin ya leƙa ta. Ya ce, "Dakor," wato ya yarda, don har lokacin tsoro bai sake shi ba. Sauran kwanakin mutum biyu-biyu, a wanke hannu, ba yara, ba mai tari, kuma abincin dubiya a bakin ƙofa yake tsayawa.

Wadda ta fara cin karo da dokar, kamar an shirya, Hajiya Kande ce, da mata biyar a bayanta. Na buɗe ƙofar kaɗan, na tsaya a tsagar.

"Sannunku da zuwa, Hajiya. Tana gaishe ku. Ba a shiga sai Laraba."

"Ba a me?"

"Ba a shiga."

"Ke 'yar waye a Kano? Mun bar kasuwa, mun biya tasi, mun zo dubiya saboda Allah, 'yar aiki ta tare mu? Dubiya hakki ne, ko ba a koya miki ba?"

"An koya mini, Hajiya. Ladanku ya riga ya shiga tun daga lif. Ku yi mata addu'a a nan, tana ji."

"Matsa."

"Ba zan matsa ba."

Ta ɗaga murya ta kira Hajiya Mariama. Daga ciki Hajiya ta amsa da 'yar muryarta, "Ku yi haƙuri, Yaya Kande, ni ma fursuna ce!" Ba wadda ta yi dariya. Suka juya da kulolinsu.

Kafin sati ya zagayo Naif kaf ta san ni. Wai na mallake gidan Alhaji Lawali. Wai ina korar mutane don in cinye abincin dubiya. Wai arniya ce ta koya mini aiki, shi ya sa ban san hakkin Musulmi ba. Wannan ce kaɗai ta sa na tsaya a tsakiyar layin 'yan jakunkuna na mayar da magana, kuma ban yi nadama ba. Yayata ta daina samun masu ba ta ɗauri. Wannan ce muguwar shekarata: bayan na gama da Hajiya Mariama wata bakwai ba Bahaushen da ya kira ni jinya, sai da na koma wani sito a Al Quoz ina liƙa takarda a kwalaye cikin zafin da ke narkar da salatif. Ku da kuke ganin esi, ku rubuta wannan ma.

Amma kemo na uku ya wuce lafiya, na huɗu ya zo a ranarsa, na biyar ma haka. Saura ɗaya. Zuwa lokacin Hajiya ta rame, tafin ƙafarta ya fara mutuwa, da ɗamara muke zuwa banɗaki.

Kwana na takwas bayan na biyar, da hantsi, na ji sallamar Alhaji a waje, a lokacin da ya kamata yana ofis. Na buɗe. Yana tsaye yana fara'a, a bayansa wata tsohuwa doguwa, siririya, da ƙullin kaya a hannu. Ya ce, "Zulai, ga Inna. Mahaifiyar Hajiya. Daga filin jirgi muke." Bai gaya wa kowa ba, wai yana so ya ba matarsa mamaki. Na durƙusa na gaishe ta. Ta buɗe baki za ta amsa, sai tari ya ƙwace mata, irin mai fitowa daga ƙirji. Ta share hanci da gefen mayafi. Ta ce sanyin jirgi ne.

Na miƙe, na fito waje, na ja ƙofar a bayana.

Alhaji ya ce, "Mene ne haka?"

"Tana mura, Alhaji. Yau kwana takwas."

"Uwarta ce fa!"

"Na ji. Murar ba ta san haka ba."

Hajiya ta jiyo muryar. Na ji ta tana kiran "Inna! Inna!", na ji kujera ta faɗi. Na ɗaga murya na ce ta zauna inda take, in ta faɗi ta karye ba mai ɗaga mana kemo. Alhaji ya fusata, Faransanci ya fara fita, ya dawo Hausa. "Khalas! Ya isa. Gidana ne. Ba ni mukullina, ki tattara kayanki."

"Zan tattara. Bayan kwana shida."

 Sai tsohuwar ta matso ta dube ni, ta fi ni tsawo.

"Ke ɗiyar wa?"

Na faɗi sunan babana.

"Ban san shi ba. Mi tarina za ya yi mata?"

Akwai hanyoyi goma na faɗin wannan magana ga tsohuwa, kuma na san su. Na ce, "Zai iya kashe ta, Inna."

Alhaji ya yi salati. Ba a faɗin haka, balle a gaban uwa, balle mai ciwon tana ji. Inna ta daɗe tana kallona. Sannan ta kwance ƙullinta, ta zaro darduma, ta shimfiɗa a barandar, daidai bakin ƙofar, ta zauna ta miƙe ƙafa.

"To. Ba ni shiga. Amma in uwa ba ta shiga ba, ina son in ga ɗiyar da za ta shiga."

Kada ku ɗauka ta yarda da ni ne. Ba ta yarda da ni ba ko na minti ɗaya. Kishi ne kawai irin na uwa: in an hana ta, an hana kowa. Alhaji ya yi lallashin duniya ta tashi, ta ƙi. Da ƙyar aka shirya za ta riƙa kwana a gidan ƙaninsa a hawa na biyu. Kullum da sassafe tana hawowa da dardumarta da carbinta da butarta. Mai gadin benen ya zo zai yi magana, ta dube shi, ya koma. Na ba ta takunkumi, ta ce ita ba jaka ba ce, amma ta ɗaura.

Hajiya Mariama 'yar fari ce, don haka Inna ba ta kiran sunanta, ba ta kuma nuna ta damu. Sai in ajiye wa Hajiya kujera a bayan ƙofa, ƙofar a rufe, su yi hira ta katako. Hirar duk faɗa ce.

"Waccan ta ciki, an ce ba ki cin abinci."

"Ina ci, Inna."

"Ƙarya. Tun kina ƙarama haka kike, sai an bi ki da muciya. Ke, marar kunya, mi kika dahwa mata?"

Marar kunya ni ce. Sai in faɗa. Ta ce ba haka ake yi ba, ta koya mini kunun da take yi mata tun tana yarinya, in dafa shi ya tafasa sosai, in kai. Hajiya ta shanye. Ban sani ba ko kunun ne, ko muryar.

'Yan dubiya kuwa suka samu wadda ta fi ni. Duk wanda ya fito daga lif da Inna zai fara cin karo. Ta amsa gaisuwa, ta karɓi addu'a, ta sa albarka, ta buɗe kula ta ɗanɗana ta faɗi abin da ya yi yawa. Ba wanda ya koma yana cewa an wulaƙanta shi, don an karɓi dubiyarsa, kuma uwa ce ta karɓa. Hajiya Kande ta dawo a kwana na sha ɗaya, ta ji an ce tsohuwa ta zo, tana ganin yanzu za a taka mini burki. Ta gaisa, ta miƙe ta nufi ƙofa.

Inna ta ce, "Ina zuwa?"

"Zan ɗan leƙa ta ne, Inna."

"Ke kika haihe ta?"

"A'a."

"To wadda ta haihe ta ga ta nan zaune bisa siminti. Zamna."

Ta zauna. Ina jin su ta bayan ƙofa, na cusa mayafi a baki.

Sau huɗu a rana nake auna Hajiya, kuma duk aunawa sai Inna ta buga ƙofa ta ce nawa. Ba ta san me lambar take nufi ba, ta dai riƙe cewa talatin da takwas ce mugunyar. Kwana na sha biyu ma'auni ya nuna talatin da bakwai da ɗigo bakwai. Na sa takalmi, na ajiye jaka a bakin ƙofa, na zauna ina sake aunawa duk rabin awa. Inna ta ga takalmin a ƙafata, ba ta tambaye ni komai ba, carbinta kawai nake ji. Kafin magariba ya sauka.

Kwana na sha huɗu ya wuce. Tarin Inna ya tsaya a na sha shida. Na ƙara kwana ɗaya don tabbatarwa, sannan na buɗe ƙofar gaba ɗaya na ce, "Inna, bismillah. Ki wanke hannu ki shigo."

Ko motsi ba ta yi ba. "Ke lokotoro ce?" Haka mutanen Maraɗi ke kiran likita.

"A'a."

"Da bakinki kika hana ni, ba da bakinki zan shiga ba. Sai wanda ya hi ki ya ce."

Hajiya ta yi roƙo daga ciki, Alhaji ya yi, a banza. Ta ƙara kwana huɗu a kan dardumar nan don kawai kada a ce yarinya ce ta ba ta izinin ganin 'yarta.

Ranar kemo na shida ni da Hajiya muka tafi a tasi da sassafe, aka ɗebi jini. Alhaji ya taho da Inna daga baya, suka zauna a wajen jira. Awa ɗaya da rabi ana jiran sakamako. In fararen ƙwayoyin ba su kai ba, gida za a ce mu koma. Hajiya ba ta yi barkwanci ko ɗaya ba a wannan zaman. Likitar ta shigo da takarda, ta duba, ta ce jinin ya yi, a haɗa magani. Nas ta rataya ledar, ta buɗe, na tsaya har na ga ɗigon farko ya sauka. A ranarsa.

Na ce wa likitar akwai wata tsohuwa a waje da ba za ta shigo ba sai ta ji daga bakinta. Ta yi mamaki, amma ta fita da kanta. Ta tsaya a gaban Inna ta ce, "Tafaddali, ya Hajja," ta nuna mata ɗakin. Wannan bai buƙaci fassara ba.

Inna ta wanke hannu a famfon bakin ɗakin, sau biyu, ba wanda ya ce ta yi. Ta shiga. Shekara uku rabon da su ga juna. Ta tsaya a ƙarshen gadon tana kallon 'yarta, ba gira, ba kumatu, ga roba a hannu. Hajiya ta ce, "Inna." Tsohuwar ta ɗauke kai ta dubi taga, ta gyara mayafi, ta sake gyarawa. Sannan ta juyo gare ni.

"Ke, marar kunya. Tsayuwar mi kike? Hita ki ja muna ƙohwa. Kada ki bar kowa."

Na fita, na ja, na tsaya.